Ranar da Dayyabu Bai Gudu Ba

'Yan bindiga sun shiga ƙauyenmu wata Talata da hantsi. Sun kashe ɗana na fari a filin makaranta, sun kashe malaminsa. Ina kwance cikin rake ina gani.

Ƙauyen yana bayan Gubuchi, a bakin fadama. Sana'ata mazarƙwaila. Wurin da muke matsar rake yana gangaren makarantar firamare. Gonar rake ɗaya ce tsakaninmu da filin ƙwallo.

Ran nan da safe matata Asabe ta dama koko. Safiya, ƙaramar 'yarmu, tana kuka ta rasa takalmi ɗaya. Yayanta ya samo mata shi a ƙarƙashin rumbu. Ya sha kokonsa, ya haɗiye ƙwayar maganinsa, ya buɗe baki uwarsa ta duba. Ya tsuguna ya gaishe ni. Na amsa, ban dube shi ba. Ƙarfe bakwai da rabi suka tafi makaranta, ni na gangara fadama.

Sunansa Dayyabu. Yanzu ina iya faɗa. Shekara goma sha shida yana duniya ban taɓa furta sunan ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a zama tabarma ɗaya da shi. Haka ubana ya yi mini har ya rasu. In zan aike shi sai in ce kai. Uwarsa kan ce wannan yaron.

Yana ɗan shekara goma sha biyu ciwon ya kama shi. Yana jin muryoyi. In kwano ya faɗi ko salansar babur ta yi ƙara, sai ya zabura ya yanki daji. Ba ya ganin rijiya, ba ya ganin mota. Akwai lokacin da sai a Gazara aka tsinto shi bayan kwana biyu, ƙafafunsa duk ƙaya. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Da na gaji na je wurin maƙeri. Na sa wa yaron mari, na ɗaure shi a turke cikin ɗakin baya. Ni nake danne shi a sa, ni nake dukansa in ya yi gardama. Wata bakwai yana nan.

Malam Nuhu mutumin Hunƙuyi ne, aka turo shi koyar da aji biyar. Siriri, yana ɗingishi, shan inna ya taɓa shi tun yana yaro. Ya ga suna a rajista bai ga yaro ba, ya tambayo gidanmu. Sau uku yana zuwa ina sallamarsa a ƙofa. A na huɗu ya ce in ba shi yaron mako ɗaya, in ya gudu in mayar da marin. Na ba shi don ya ƙyale ni.

Ya goya shi a babur ya kai shi asibiti a Zariya, aka ɗora shi a kan magani. A aji ya zaunar da shi bakin ƙofa, ya ce duk sa'ad da ya ga dama ya fita ba sai ya nemi izini ba. Ya daina buga tebur da bulala. Ya hana yara kiransa mahaukaci. Akwai wani tsohon ƙarfen taya da aka rataye a darbejiyar filin, shi ne ƙararrawar makaranta. Malam ya ba Dayyabu aikin bugawa. Ya ce ƙarar da ta fi kowace a makarantar, gara ta fito daga hannunsa.

Sannan ya koya masa zama. In tsoron ya zo kada ya gudu. Ya zauna inda yake, ya dafa ƙasa da tafin hannu biyu, ya rufe ido, ya ƙirga numfashinsa. Kada ya tashi sai Malam ya zo ya kira sunansa sau uku ya dafa masa kafaɗa. Kullum bayan la'asar suna filin nan suna gwadawa. Da farko kwano ake yar wa a bayansa. Daga baya babur ake tayarwa. Mutane kan tsaya bakin shinge suna dariya.

Abin ya yi. Shekara ɗaya da rabi bai gudu ba. Na mayar wa maƙeri ƙarfensa. Yaron har ya iya karanta mini rubutun buhun taki.

Malam ya nemi in riƙa zuwa in zauna da su, yaron ya saba da muryata da hannuna. Ya tare ni a hanya ya ce, "Baban Safiya, ba kullum nake nan ba." Na ce aiki ya yi mini yawa. Ya aiko liman. Na ce wa liman, ni da furfurata zan zauna a ƙasa ina kiran sunan ubana, ina shafa ɗan fari, yara suna kallo? Liman bai matsa ba. Shi ma ba zai yi ba.

Ranar Talatar nan, ƙarfe tara da rabi na ji an buga ƙarfen tashin tara. Na san hannunsa ne, shi kaɗai yake yin uku ya tsaya ya ƙara biyu. Injin matsa yana aiki, kasko yana tafasa. Ba a yi minti biyar ba Lawal, mai tura rake cikin inji, ya kife. Na ɗauka inji ya kama masa hannu. Na kashe injin. Sai na ji. Harbi daga arewa, babura da yawa, ihun mata daga cikin gari. Jini yana fita ta wuyan Lawal.

Na kutsa cikin rake na yi sama wajen makaranta. Ganye yana yankar fuskata. Yara suna kwararowa suna bangaje ni. A bakin gonar na iske Malam Nuhu yana tura su ciki ɗaya bayan ɗaya.

"Ku shiga rake! Ku sunkuya! Kada wanda ya tsaya!"

Safiya ta rungume ƙafata. Na ɗaga ido na duba filin. Babu kowa sai kwanonin abinci da takalma a warwatse. Sai mutum ɗaya a gindin darbejiya. Yana zaune, ya ba mu baya, tafin hannunsa biyu a ƙasa.

Malam ya gan shi lokacin da na gan shi. Ya nufi can da ɗingishinsa. Na ji ya kira sunan sau ɗaya. Babura biyu suka ɓullo ta bayan ajujuwa. Harbi biyu. Malam ya faɗi ruf da ciki, hularsa ta gangara. Saura taku goma ya isa. Baburan ba su tsaya ba, suka wuce cikin gari.

Na cusa Safiya cikin kwarin kunya na ce ta kwanta. Na fita da gudu.

Idonsa a rufe, leɓensa yana motsi. Ya kai arba'in da ɗaya.

"Kai, tashi!"

Bai motsa ba. Na ja hannunsa, ya sandare. Na mare shi. Ya koma ɗaya ya sake fara ƙirga. Na kama shi ta ƙugu in saɓa shi, ya fi ni nauyi. Na kamo ƙafarsa in ja shi a ƙasa. Da ya ji hannuna a idon sawunsa sai ya ƙwalla irin ƙarar da yake yi a ɗakin baya, ya kafa yatsunsa cikin ƙasa. Na sake shi.

Na durƙusa gabansa. Na yi yadda na ga Malam yana yi daga nesa. Na kira sunan. Bakina bai san shi ba, da ƙyar ya fito. Na kira sau uku. Na ɗora hannuna a kafaɗarsa.

Ya buɗe ido. Ya dube ni kamar baƙon da ya yi sallama a gidan da ba nasa ba.

"Malam bai zo ba," ya ce.

Ya rufe idonsa.

Na ji baburan suna dawowa. Safiya ta kira Baba daga cikin rake, da ƙarfi. Na tashi na gudu. Ba zan ce wani abu ne ya ja ni ba. Da ƙafata na gudu na bar shi.

Su huɗu ne a babur biyu. Ɗayansu bai girmi Dayyabu ba. Suka tsaya suka kewaye shi. Daga inda nake kwance ina jin maganarsu.

"Tashi!"

Bai tashi ba. Ɗaya ya harba a ƙasa kusa da gwiwarsa, ƙasa ta watsu a rigarsa. Ko gezau. Suka ɗan ja baya. Babbansu ya ce wannan da abin da ya taka, ku dubi bakinsa, karatu yake yi, maganin bindiga gare shi. Wani ya ce ƙarya ne, babu maganin da ya fi ƙarfin wannan da ke hannunsa. Suka yi ta musu suna dariya. Ƙaramin ya ce a gwada mana.

Shi ya gwada. Harbi ɗaya. Dayyabu ya karkata ta hagu ya kwanta.

Suka laluba ƙugunsa da damtsensa suna neman guru ko laya. Ba su samu komai ba sai guntun rodin da yake buga ƙarfe da shi. Babban ya jefar, ya ce ashe banza ne, an yi asarar harsashi. Ɗaya ya zare wayar Malam daga aljihu. Duk lokacin nan hannuna yana kan bakin Safiya. Ta cije ni har ƙashi. Ban ji ba sai daga baya.

Kafin su tafi suka cinna wa raken wuta ta gefen makaranta. Busasshen ganye ne, nan da nan ta kama. Muka ja ciki ta kwarin kunya. Hayaƙi ya toshe ido, rake yana fashewa kamar harbi. Na tarar da yara a kwance cikin kunyoyi, wasu sun ƙi motsi. Na riƙa shurinsu suna tashi. Muka faɗa rafi wajen ƙarfe goma da rabi, ni da yara tara. Muka bi cikin rafin a sunkuye, ruwa iya ƙwauri. Wata yarinya ta yi ta tambaya ina Malam. Na ce ta rufe mini baki.

Har rana ta take muna jin harbi a bayanmu, jefi-jefi. Daga baya sai kukan shanu da ake kora. Daga nan shiru.

Da azahar muka iske matan garinmu a gindin wani mangwaro, bakin wata ruga da masu ita suka tashi. Asabe tana cikinsu, zani ɗaya, ba kallabi. Ta karɓi Safiya. Ta dubi bayana, ta daɗe tana duba hanyar da muka fito. Ba ta tambaya ba. Uwa ba ta tambayar ɗan fari a cikin mutane. Ta yagi gefen zaninta ta ɗaure mini hannu.

Mun isa Gubuchi bayan la'asar. Aka ba mu ruwa da gari. Muka kwana a masallaci.

Washegari da safe muka koma tare da jami'an tsaro da 'yan banga. Gidana ya ƙone, rumbu ya ƙone, sun fasa kaskon mazarƙwaila. Dayyabu da Malam suna inda suka faɗi. Ni na yi wa Dayyabu wanka. Dattawa sun ce in bari wani ya yi, na ƙi. Akwai ƙasa a ƙarƙashin faratansa. Tabon mari yana nan a ƙafafunsa biyu, baƙi, zagaye. Ban taɓa kallonsa da kyau ba sai ran nan. Ya fara gashin baki.

Gawar Malam aka sa a mota zuwa Hunƙuyi. Na bi. Ya bar mata da yara biyu, ƙaramin yana goye. Mahaifin Malam ya riƙe hannuna ya yi mini godiya da na zo. Ya ce ya ji labarin yarona, Nuhu ba ya zuwa gida bai yi zancensa ba. Na ce Allah ya jiƙansu. Ban faɗa masa sauran ba.

Aka yi arba'in. Wata rana da yamma Asabe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Sau nawa Malam ya nemi ka zo?"

Na ce ban riƙe ba.

"Sau biyar ne," ta ce. "Ni ma na roƙe ka sau biyu."

Ta ci gaba da tsintarta.

Makarantar ƙauyenmu a rufe take har yau. 'Yan ajin Malam sun watse, wasu Ikara, wasu Zariya. Akwai wasu yara biyu da ya fara koya wa zama, mace da namiji. Macen ban san inda iyayenta suka kai ta ba. Namijin na ji an mayar da shi mari.

Ni ina Makarfi, a ɗaki ɗaya cikin gidan ƙanin Asabe. Ina lodin rake a kasuwa. Safiya ba ta koma makaranta ba, ba ta yarda in taɓa ta. Mu uku ne.