An Sa Ta Cire Safar Hannu Don Kada Hajiya Ta Ji Haushi

Wata rana a makon jiya wani abu ya sami 'yata Bara'atu. Tun da na sani, ko tuwo na kai baki sai in ji kamar ƙasa nake tauna. Na rasa wanda zan gaya wa, shi ya sa na kawo muku nan.

Ita ce ta ukuna. Karatun nas take yi, an tura su wani asibiti koyon aiki.

Da safen ranar tana yanka albasa wuƙa ta ɗan yanke ta a yatsa. Ta manna filasta ta fita. A wanke hannu nan, a wanke can, kafin azahar filasta ta yi nata wuri.

Sai aka kwantar da wata Hajiya a ɓangaren masu hali, uwar wani babban mutum. Irin waɗanda kulolin abincinsu ke riga su isowa.

Sistar da ke kula da ɗakin ta ce Bara'atu ta riƙe hannun Hajiya, za a sa mata allurar ƙarin ruwa. Yarinya ta zaro safar hannu ta sa, yadda aka koya musu a aji.

Hajiya ta bi safar da kallo, ta janye hannunta.

Wai ita ba kuturwa ba ce. Wai ta yi jika da wannan 'yar ficiciyar, amma za ta tsaya tana ƙyamarta. Wai ita da alwala take kwana.

Sai ka ce cuta tana tambayar alwala.

Ita kuwa Sista, wadda bakinta ba ya rabo da shekarun da ta yi a aiki, maimakon ta yi wa tsohuwa bayani, sai ta rusuna tana ba da haƙuri har da murza hannu. Ta juyo ta zabga wa Bara'atu harara, ta ce ta cire. 'Yan makarantar yanzu ba su iya komai ba sai iyayi. Su a zamaninsu da tsurar hannu suke karɓar haihuwa, kuma ga ta nan ba ta mutu ba.

Bara'atu ta san ba daidai ba ne. Ta kuma san wannan Sistar ce za ta ba ta maki a ƙarshen wata.

Ta cire.

Jijiya ta ƙi samuwa. Allura na shiga Hajiya ta fizge hannu, jini ya ɓalle ya wanke wa yarinya yatsu, har kan yankan nan na safe.

Bara'atu ta faɗa wa Sista tana da ciwo a hannu. Aka ce ta je ta wanke da sabulu, ta kuma kama bakinta, kada ta ja wa ɗaki magana.

Washegari sakamakon gwajin Hajiya ya fito. Ciwon hanta, irin wanda ake ɗauka ta jini.

Da Sista ta tashi shiga ɗakin, Bara'atu na tsaye tana kallo ta sa safa, ta ƙara wata a kai. Ta kuma shaida wa Hajiya umarnin likita ne. Ashe bakin ya iya bayani.

Da suka fito yarinya ta daure ta yi magana.

"Sista, na ga yau biyu kika sa."

"To, ni ina da 'ya'ya."

Ita Bara'atu ke nan daga bishiya ta faɗo. Ni da na yi naƙudarta ban da zuciya a ƙirji.

Ba ta gaya mini ba. Gani na yi ta daina sa hannu a kwano ɗaya da ƙannenta, ta ware kofinta tana ɓoyewa. Sai da na tsare ta a ɗaki sannan ta fashe da kuka. Rigakafin ciwon hantar ma ashe ba ta gama yi ba, kuma babu wanda ya tambaye su kafin a tura su kan marasa lafiya.

Na ja ta wani asibitin daban. Likita ya yi faɗa sosai, ya ce irin wannan a take ake zuwa, ba a kwana da shi. An yi mata allura, an ce sai bayan watanni za a sake gwaji a san matsayinta.

Watanni, jama'a.

Hajiya an sallame ta. Sista tana nan tana taƙama da farin kaya, an kawo mata sababbin ɗalibai.

Darasi: Wanda ya ce ka cire kariyarka don wani ya ji daɗi, ba zai raba cutar da kai ba. 'Yan jinya, ku sa safarku ko uwar wa aka kwantar. In jini ya taɓa muku ciwo ko allura ta soke ku, ku faɗa a take, maki ba ya warkar da hanta.

Don Allah ku tura wa duk mai ɗa ko 'ya a makarantar jinya.

Yanzu babansu ya ce a bar wa Allah, kada a kayar da Bara'atu a jarrabawa. Ita ma roƙona take kada in je makarantar. Ni kuwa in na tuna 'ya'yan mutane da ke hannun matar nan sai in ga shirun ba zai yiwu ba.

Iyaye 'yan'uwana, in je in kai ƙara, ko in yi shiru har yarinya ta karɓi takardarta?