Mai Akwati da Yara Goma Sha Ɗaya

Mai Akwati kowa ke ce mata a unguwar, har jikokinta. Shekara talatin da biyu tana koyarwa a firamaren gwamnati da ke bayan wurin fasa dutse, kuma ba ta taɓa barin sabon yaro ya ɗumama benci ba sai ta miƙa masa takarda da fensir ta ce, "Rubuta abin da ka iya." Wani ya rubuta sunansa, wani ya zana kaza, wani ya huda takardar yana kuka. Duk sai ta karɓa, ta sa suna da kwanan wata a baya, ta jefa a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin allo. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya sha cewa abincin gara take tarawa. Ita kuwa ko a jikinta.

Makarantar ta 'ya'yan leburori ce. Iyaye su zo in akwai aiki, su naɗe tabarma in ya ƙare. Yaro ya faɗo aji tsakiyar zango ba ya jin harshen malami, malami ba ya jin nasa. Aji shida da take riƙe da shi bana, harshe bakwai ake yi a cikinsa.

To kowace shekara ma'aikatar ilimi kan aiko da takardar da ta jera firamaren jihar, guda ɗari huɗu da goma, daga gwana zuwa ta baya. Bara tasu ce ta ɗari huɗu da takwas. A lissafi jiha ta samu kashi sittin da ɗaya, su ashirin da tara. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe akwai wani layi: yaran da suka shigo tsakiyar shekara, jiha kashi shida, su arba'in da huɗu. Amma wa ke karanta wannan layin? Kowa idonsa na kan lamba.

Saura mako guda jarrabawar fita, hedimasta ya shigo ajinta bayan an tashi, ya turo ƙofa. Matashi ne, ɗan unguwar, kuma a hannunta ya koyi riƙe fensir.

"Mama, shawara na zo da ita. Yara goma sha ɗayan nan da suka zo mana a makare, a ce musu su huta ranar jarrabawa. Mu rubuta ba su da lafiya. In babu su, sai mu haura makarantu arba'in."

Tana goge allo, ba ta ko juyo ba. "Wace cuta za mu rubuta musu?"

"Haba Mama, kowa haka yake yi."

"Wanda bai zauna jarrabawar nan ba, ba shi ba sakandare, ka sani. Kana ganin ubansa zai jira masa baɗi? Guduma zai miƙa masa."

Hedimasta ya sassauta murya. Ya ce sufeton makarantu ya faɗa masa baki da baki: malamin da ajinsa ya ƙara jan makaranta ƙasa, za a jefa shi makarantar da ta fi kowacce lalacewa a jihar. Ga ta saura mata shekara uku ta yi ritaya, ga ciwon gwiwa.

Wallahi ranta ya ɓaci, ba don barazanar ba, don bakin da ta fito. Ta durƙusa da ƙyar, ta jawo akwatin, ta tona can ƙasa inda takardu suka yi ja, ta zaro guda ta ajiye masa a tebur. Layi uku ne karkatattu da tabon hawaye. Ya juya bayanta, ya ga sunansa.

"A aji huɗu ka zo min, ba ka san alif ba," in ji ta. "Hedimastan lokacin ma ya ce ka huta ranar jarrabawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ɗan nan. Ɗauki takardarka ka ba ni wuri."

Bai ɗauka ba. Ya juya ya fita.

Ba ta yarda da fitar nan tasa ba. Ranar jarrabawa tun da safe ta bi ɗakunan leburori ƙofa ƙofa tana ɗingishi, tana kiran suna daga rajista. Wata uwa ta ce ai an aiko cewa 'yarta ta zauna a gida. Mai Akwati ta ce, "Ni aka aiko yanzu, sa mata takalmi." Ta koro su gabanta su goma sha ɗaya cif, ta zaunar da kowa a bencinsa, ta ja kujera ta tokare bakin ƙofa har aka karɓi takarda ta ƙarshe.

Da sakamako ya fito, huɗu daga cikinsu sun samu sakandare, bakwai sun faɗi. Bakwai ɗin nan sun ci mata rai, ta yi musu kuka a ɗakinta, ba ta ɓoye ba. Makaranta kuwa ta gangara, ta zama ta ɗari huɗu da goma.

Sufeto ya zo da kansa, fuska a murtuke, ya tara malamai a ofis. Ya ce magana ɗaya yake yi, kuma kowa ya san hukuncin.

Mai Akwati ta gyara zaman gilashinta, ta bi takardar da yatsa har ƙasa. "Ranka ya daɗe, makarantar da ta fi kowacce lalacewa ka ce ko? To ga ta nan, a cikinta kake zaune. Ina za ka kai ni?"

Wani malami ya ƙunshe dariya har ya sarƙe. Sufeto ya dubi hedimasta yana jiran ya tsawata mata. Hedimasta ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ma ɗalibinta ne, ranka ya daɗe."

Ba ta jira a sallame ta ba, don ta hango wani lebura a bakin ajinta, ƙura har gira, riƙe da hannun yarinya. Jiya suka sauka a garin. Mai Akwati ta yago takarda, ta feƙe fensir, ta miƙa wa yarinyar.

"Rubuta abin da kika iya."