Usur Ɗina a Sukuwar Ƙarshe

Ban taɓa hawan doki ba a rayuwata, amma duk wanda ya ji ina zancen sukuwa sai ya rantse a kan sirdi aka haife ni. Duk sanina a bakin filin sukuwar garinmu na samo shi, a tsaye, nesa da ƙafar bayan kowane doki.

Filin yana bayan gari, dab da bakin daji. A da, in an gama girbi, da bindiga ake tashin dawaki. Wani maharbi zai ɗura tasa ta gargajiya ya sake ta sama, dawaki su zabura, mu yara mu rufa musu baya muna ihu. Da ɓarayin daji suka shigo mana, ƙarar bindiga ta daina zama abin wasa a Birnin Gwari. Sukuwa ta tsaya, masu dawaki suka yi ta sayarwa. Bara aka ce za a yanka filin fulotai a ba waɗanda suka baro ƙauyukansu. Raina bai so ba, amma ba ni da bakin magana, don a azuzuwan makarantar da nake koyarwa wasunsu ke kwana.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya ƙi sayar da nasa, wani tsohon doki kili da ya sha cin sukuwa. Kawu ya daina hawa, kunnensa ma ya yi nauyi, sai an yi masa ihu yake ji. Buri ɗaya ya rage masa: ya ga kilin nan ya zagaye filin kafin a kafa turakun fulotai. Ya yi ta sintiri wurin manya har aka yarda, bisa sharaɗin ba za a harba bindiga ba.

Nan na tsoma baki, ba wanda ya tambaye ni. Na ce ni malamin wasanni ne, ina da usur, kuma usur ɗin da ke tsayar da yaran firamare ba doki ne zai gagare shi ba. Har goge shi na yi da toka.

Ranar sukuwar, jama'a ta cika filin fal. Wani maƙwabcin Kawu ya hau kilin, aka jera shi da 'yan dawakin da suka rage. Kawu yana can ƙarshen fili a gindin ɗorawa, ya kare ido da hannu yana jira. Na gyara hula, na cika ƙirji, na busa.

Dawaki suka dube ni. Kili ya sunkuya ya kama cin ciyawa. Abin da ya motsa kawai ɗalibaina ne, suka fito daga cikin taro da gudu suka yi layi a gabana. Dariyar da aka yi mini har yau ina jin ta. Na sake busawa, na kuma, har jiri ya fara ɗibana. Da na hango Kawu yana tsaye bai sauke hannunsa ba, kunya ta koma tausayi, na ji kamar in fashe da kuka.

Sai salansar wani ɗan acaɓa ta buga a bakin hanya, tau! Dawaki suka tashi. Jama'a ma suka tashi, kowa ya yi ta kansa, takalma da farantan gyaɗa ko'ina. Ni mai tsayar da yara ban san lokacin da na kwanta rub da ciki ba, usur a bakina, duk numfashin da na ja sai ya ce fii. Wata mata 'yar ƙauyen Kakangi da ta kwanta kusa da ni, ta danne 'yarta da jikinta, ta ce, "Malam, don girman Allah cire abin nan a bakinka, za ka nuna musu inda muke."

Da aka gane babur ne, na miƙe ina kakkaɓe riga, na nufi gindin ɗorawa. Kawu kaɗai ne bai gusa ba, don bai ji komai ba. Yana riƙe da linzamin kili, dokin na haki, shi kuma hawaye na bin gemunsa.

"Ɗan nan, ashe usur ɗin naka yana da ƙarfi haka? Ka ga yadda ya tashi?"

Ƙasa kawai na gani, amma na kai baki kunnensa na ce, "Na gani, Kawu!"

Ya dubi filin da ba kowa sai takalma, ya yi murmushi. "Kuma ka ga yadda mutane suka bi su a guje? Kamar da, wallahi. Kamar da."

Na sa usur a aljihu, na taya shi jan dokin zuwa gida.