Ɗan Baba Mai Haƙar Gafiya

Duk Madarumfa babu wanda bai san mijina ba. Ka tsaya bakin kasuwa ka ce kana neman Ɗan Baba mai gafiya, kafin ka rufe baki an nuna maka gidanmu. Ni kuwa Zahara'u, da nake tuƙa masa tuwo shekara da shekaru, iyakata a ce "matar mai gafiya".

Ɗan masunta ne, amma ruwan tabki bai taɓa karɓarsa ba, da ya hau kwalekwale sai amai. Shi ya sa uwarsa, wadda muke kira Inna, ta tura shi gadin lambunta tun yana yaro. A nan ya fara rigima da gafiya, don ita ke tone mata dankali da rogo. Ya gano raminta ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Sai ya toshe sauran ya bar guda, ya cusa ƙaiƙayi da busasshen barkono ya kunna, ya tsugunna da buhu yana jiran ta fito tana tari. Da ya girma aikin ya biyo shi cikin gari, daga rumbuna zuwa ɗakunan kwana da magaza, wato ɗakin ajiyar kayan 'yan kasuwa.

Wanda bai zauna da gafiya ba yana tsammanin hatsi kaɗai take ci. Ɓarauniya ce ta gaske. Sabulu, cokali, mabuɗi, ɗan kunne, duk abin da bakinta ya iya ɗauka sai ta ja shi rami ta tara. Kuma in abu ya ɓace a gida, ba wanda ke tuna gafiya, mutum ake kallo. A nan mijina ya sha bamban da masu zuba guba. Shi in ya kama ta ba ya tafiya, sai ya bi ramin da dagi har inda take ajiya, ya kwaso komai ya baje a tabarma tsakar gida, a gaban kowa. Mutane da yawa a kan tabarmar nan aka wanke su. Akwai mai gadi a garin Ɗan Issa da aka kusa kora kan mabuɗan shago. Akwai wata amarya a garin Sarkin Yamma, Atika, da dangin miji suka sa a gaba kan 'yan kunnen surukarta. Tun daga lokacin kowace damina sai ta aiko masa da ƙwan zabi. Ni ke soyawa, ina soyawa raina yana ƙuna.

Ba zan ɓoye ba, kishi nake yi. Ba da wata mace ba, da garin nan gaba ɗaya, domin ya wanke kowa ban da ni.

Inna tana da zoben azurfa da take cirewa in za ta yi alwala, ta ɗora kan murfin randa. A ciwonta na ƙarshe ni na yi jinyarta, ni ke shiga ni ke fita. Zoben ya ɓace. Ita ba ta ce komai ba har Allah ya karɓi abinsa, amma ranar zaman makoki babbar 'yarta, Yaya Zulai, ta ce a gaban mata ai ɗakin nan mutum ɗaya ke shigarsa. Ba ta kama suna ba, ba ta kuma buƙata. Daga nan in ana biki a dangi, ba a ba ni ajiyar ko tsinke. In na shiga ɗaki sai in ga ana jawo jaka kusa da cinya.

Alhali ga ramin gafiya nan a gindin bangon ɗakin Inna, wanda mijina ya kulle tun rasuwarta. Na nuna masa, ya ce gobe. Na sake magana, ya ce a bari damina ta wuce. Ta wuce, ya ce ginin tsoho ne, in aka taɓa zai zube. Amma a yi sallama daga wani gari, ko yana tsakar cin abinci zai wanke hannu ya ɗaure dagi a bayan babur.

Abin ya kai ni maƙura ranar da Atika ta zo da kanta, goye da ɗanta. Ta durƙusa a tsakar gidana tana hawaye, tana cewa na yi sa'ar miji. Na ce mata haka ne, na ba ta ruwa.

Mijina yana da ƙa'ida guda da kowa ya sani: mai kiransa aiki goro yake kawowa zaure, kuma in ya karɓa a gaban mutane ba ya mayarwa, ko aikin a ina yake. Washegari da hantsi na sayi goro na ƙulle a ganye, na yafa mayafi, na fita ta ƙofar baya na zagayo. Yana zaure da abokansa. Na yi sallama kamar baƙuwa, na ajiye ƙullin a gabansa, ya ɗauka kafin ya ɗaga kai. Na ce daga wani gida na zo, gafiya ta hana mu sakat. Abokan suka fashe da dariya. Shi bai yi ba.

Ya biyo ni ciki ya tsaya bakin madafa, goron a hannunsa. Ya ce:

"Zahara'u, in na haƙa ban iske shi ba hwa?"

Na ce, "Malam, da ka tahi Sarkin Yamma, ka yi wa yarinyar nan wagga tambaya?"

Ya tafi ya ɗauko dagi. Ni kuma na aika aka kira Yaya Zulai, don ba zan yarda a yi a bayan idonta ba.

Aka buɗe ɗakin Inna. Ya toshe ƙofofin ramin, ya yi hayaƙinsa, gafiya ta faɗo buhu, ƙatuwa kamar 'yar kyanwa. Sannan ya fasa daɓen ya bi ramin har ƙarƙashin inda randa take. Ya kwaso abin da ya tarar ya baje a tabarma. Ƙwallayen dabino ne tuli, da guntayen sabulu, da wani cokalina da na daɗe da haƙura da shi. Zoben yana cikinsu, ya yi baƙi ƙirin.

Yaya Zulai ta juya shi a tafin hannunta, ta ce ikon Allah, ta ajiye, ta nemi takalminta. Ban sa ran fiye da haka daga gare ta ba.

Mijina ne na tsaya kallo. Ya zube a ƙasa yana hamdala, yana dariya hawaye na zuba, ya goge zoben da bakin rigarsa, ya fita zaure ya nuna wa abokansa ya dawo. Na sha ganinsa ya dawo daga wanke mutane, ban taɓa ganin ya yi murna irin wannan ba. Sai na gane shi ma ya yi shakkata, don wanda ya tabbata za a samu ba ya irin wannan murnar. Ashe duk shekarun nan ba bangon yake tsoron ya zube ba.

Da la'asar ya miƙo mini zoben ya ce in sa a hannuna. Na ce ya kai wa Yaya Zulai, na uwarta ne. Na shiga madafa na hura wuta.