Kawu Ladan, Wanda Ya Taya Tikitin Jirgi da Jamusanci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, biyu ga watan Yuli, 2001, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, Alhaji Ladan mai zoɓo, a gidansa da ke Agege a Legas, bayan jinyar kwana huɗu. An kai shi makwancinsa bayan Azahar, ana yayyafi. Ya bar matarsa Inna Maimuna, da 'ya'ya biyu ƙanana, Shamsu da Laila, da kuma littafin Jamusanci da ya tsaya a darasi na goma sha huɗu.

Kawu, ni ce Najiba, 'yar ƙanwarka. Daga ranar rasuwa har sadakar arba'in kowa ya faɗi alherinka, ni kuwa ina bayan ƙofa. Ka san halina. Ga nawa a rubuce.

Duk kasuwar Mile 12 an san abin da ya kai ka makaranta da furfura. Wani Bajamushe mai suna Dita ne ya zo sayen busasshen zoɓo, wai a ƙasarsu shayi suke yi da shi. Ka tsaya ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambayi hanya, da gajiya, da iyali, da mutanen da ya baro. Tafinta ya juya ya faɗa masa kalma biyu. Ka dawo gida ranka a ɓace, ka ce wa Inna Maimuna, "Buhun gaisuwa na ba yaron nan, ya miƙa wa baƙo cokali ɗaya." Ba a yi wata ba ka shiga wata kwaleji a Yaba, ajin Asabar, inda ake koya wa masu farawa Jamusancin hira da na kasuwanci. Shekararka hamsin da uku. 'Yan ajin Dadi suke ce maka, wato baba.

Darussan littafin duk hira ce ta mutum biyu, dole sai da abokin yi. Inna Maimuna ta ce ita Yarbanci ma da ƙyar ta tsira. Baballe, abokin cinikinka, ya yi dariya har ya ƙware da goro. Da ka tambaye ni sai na sunkuyar da kai, domin a'a ma magana ce, ni kuwa ba na iya ta. Ka ce, "Madalla, mun sami ɗaliba."

Shekara biyu muna yi a tsakar gida bayan La'asar. Na zama mai burodi, na zama likita, na zama sakatariya mai ɗaukar waya a ofis. Wayarka ludayi, tawa marar tuwo. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, a wannan lokacin kaɗai bakina ba ya nauyi, domin ba Najiba ce ke magana ba, sakatariya ce. Kuma ko sau ɗaya ba ka taɓa ce mini in ɗaga murya ba. Kai ne kake matsowa.

Gaisuwar littafin ba ta ishe ka ba. Ka zauna da ƙamus ka haɗa taka, tambaya goma sha biyu, daga kwana da gajiya har zuwa ruwa da maƙwabta. Malamarku ta ce Jamusawa ba sa tambayar irin waɗannan. Ka ce mata, "To, su fara."

Jarrabawar baka ta farko kuwa har yau ana labarinta. Malama ta zama mai sayar da tikitin jirgin ƙasa, kai matafiyi. Ta faɗi kuɗin tikiti. Ka ce ya yi tsada, ka taya rabi. Ta ce a can ba a taya tikiti. Sai ka yi abin da kowane ɗan kasuwa zai yi: ka miƙe, ka kaɗe riga, ka nufi ƙofa a hankali, kana jira ta kira ka. Ba ta kira ba. Ka ce mana har tashar motocin danfo kana waiwaye. An rubuta cewa ka fita ba ka gama ba. A karo na biyu ka sayi tikitin yadda ta faɗa, amma ka nemi gyara. Ka ci jarrabawar da ƙyar, ka raba mana tsire.

Laraba ta farko a kowane wata, ƙarfe goma daidai, Dita yakan bugo waya shagon Iya Sikira da ke bakin titi. Kakan sa babbar riga, ka fesa turare, kamar zai ji ƙamshin ta cikin waya. Sai ka jero masa goma sha biyun nan, layi na jira a bayanka, Iya Sikira tana cewa, "Alaji, mutumin nan kuɗi yake ƙonawa fa!" Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum: lafiya, lafiya, buhu nawa? Bai taɓa tambayar gajiyarka ba. Inna Maimuna ta ce ka daina wahalar da kanka. Ka ce, "Zai koya. Ni ma da furfura na koya."

Ana gobe za ka rasu ka kira ni, ka ce, "Laraba, ƙarfe goma. Kada mutumin nan ya bugo ya ji ba kowa."

Larabar ta faɗo ranar sadakar uku. Gida cike da mutane, Baballe ya sa aka kirawo ni zaure. Ya ce, "Najiba, sito cike yake da zoɓo, kuma ba mu da mai saye sai shi. In ya bugo bai ji kowa ba, wani wuri zai nema. Abincin gidan nan a wayar nan yake. Ke kaɗai kika san yaren." Ni kuwa, Kawu, ban taɓa riƙe wayar gaske ba.

Babata ce ta raka ni, Baballe na biye. Ƙarfe goma na cika wayar ta yi ƙara. Na tsaya ina kallon ta. Iya Sikira ta ɗauka ta manna mini a kunne, ta ce, "Omo mi, 'yata, ba ta cizo." Na rufe ido, na ce wa raina marar darasinmu ce. Sai na ji sakatariya ta yi sallamar ofis da bakina. Dita ya tambaye ka. Saura kaɗan in ce ka fita, za ka dawo ƙarfe biyu, domin haka littafin ya ce, kuma haka na fi so. Amma na tuna darasi na bakwai, na iyali, inda wani yaro yake ba da labarin kakansa. Na ce masa ka rasu ranar Litinin.

Can sai na ji ya ce yaya muka kwana. Na amsa. Ya ce yaya gajiya. Yaya iyali. Yaya ruwa. Kawu, duka goma sha biyun ya kawo, a jere yadda kake jera su, har maƙwabta bai tsallake ba. Bai ce buhu nawa ba. Iya Sikira ma ba ta ce ana ƙona kuɗi ba. Ya ce zai sake bugowa wata mai zuwa, ƙarfe goma.

Ya kuwa bugo. Bayan gaisuwa ya faɗi farashinsa. Kunya ta kama ni, na rasa abin cewa, na yi shiru. Sai ya ƙara kuɗin. Na sake yin shiru, don yanzu tsoro ma nake ji. Ya sake ƙarawa. Baballe ya ce shekara biyu kana kaɗe riga ba ka taɓa samun haka ba. An kwashe zoɓon zuwa tashar jirgin ruwa ta Apapa makon jiya. Na buɗe darasi na goma sha biyar, Laila ce take riƙe mini ludayi.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka, inda gaisuwa ba ta buƙatar tafinta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Maimuna, da Shamsu da Laila, da babata, da Baballe da 'yan zoɓon Mile 12, da Malama da 'yan ajin Asabar, da Dita can inda yake. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.