Yarinyar da Ba a Rubuta Sunanta Ba

Jiya ina gyara durowa a gidanmu na Mitchellville, a Amurka, na ci karo da tabarau ɗin surukata, shekara uku bayan rasuwarta. Har yanzu kubensa yana ƙanshin alewar na'a-na'a da take tsotsa.

Baƙar Ba'amurkiya ce. Ta ƙarar da tsufanta wajen bin diddigin wani Bature mai bayi a kudancin ƙasar, wanda jininsa ke jikinta. Ni nake kai ta ɗakin adana tsofaffin takardu a Washington. Ta gano ranar aurensa da 'ya'yan matarsa, har sunan dokinsa. Amma kakar kakarta, baiwar da ya yi wa ciki, layi ɗaya aka ba ta a lissafin bayinsa, ba suna: mace, baƙa, shekara goma sha shida. Takan ɗora yatsa a layin nan, ta daɗe ba ta ɗaga ba.

Wata rana a mota na yi katoɓara. Na ce, "Mama, ni kakanni bakwai nake lissafawa da ka. Kakan kakana har rinji gare shi, ƙauye guda na bayi."

Ta cire tabarau ta dube ni, ba fushi. "To ɗana, faɗa mini sunan ko mutum ɗaya a cikin bayin."

Muna isa gida na ɗauki waya. Na kira baffana a Zariya, ya yi dariya ya ce wa ke riƙe sunan bawa?

Har ta koma ga Allah ba ta sami sunan kakar tata ba, ni ma ban kawo mata ko ɗaya ba. Allah da Ya san sunan yarinyar nan, Ya sada su, ta kira ta da shi.