Bakaniken da Ya Kashe Hon

Ba ya gaisuwa, kuma bai damu a sani ba. Gajere ne mai furfura a gemu, masu Keke Napep na Wunti suna kiransa Anayo. Ina zaune ina jiran tela, shi kuwa yana tsaye kan motar wata Hajiya da ta ɗauko kulolin masa na walimar suna. In an murza makulli motar tana gurnani amma ba ta tashi, masa kuma tana hucewa.

"Oga, batir ne?" in ji Hajiya.

"Batir lafiya. Kowa ya yi shiru."

Ya kara kunne a bakin tanki, ya ce ta murza. Famfon mai bai motsa ba. Sai ya zaro ɗan baƙin abin da ke ba hon wuta, ya sa a gurbin na famfon. Mota ta tashi.

Ina jin ya shekara talatin yana sauraron inji, shi ya sa bai rage wa mutane kunne ba.

Ya juya ga masu keke. "Don Allah ku ba ta hanya har Gwallaga. Yau ba ta da hon."